Wasannin wannan satin: sabon tuwo ne ko ɗumame?

Abu Ammar (Jidda):
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da Juma'a. Tun daren jiya nake son buɗe zancen nan bacci ya sace ni. Satin nan fa an yi ruwan wasannin bidiyo, ranar Talata 22 ga Afrilu 2025 da yamma kamfanin Bethesda suka saki Oblivion Remastered, wato tsohon wasan da aka yi wa gyaran fuska, ba tare da wata doguwar talla ba, ranar da suka nuna shi a ranar ya fito. Jiya Alhamis Fatal Fury City of the Wolves da Clair Obscur Expedition 33 suka fito rana ɗaya, yau kuma ga Days Gone Remastered. To ku duba da kyau, cikin huɗun nan guda ɗaya ne tak sabo fil, wato Expedition 33. Oblivion na 2006 ne, Days Gone na 2019, shi kuma Fatal Fury duk da sabon gini ne sunan tun 1991 yake. Ni na sayi Oblivion dala 50, kusan riyal 188 kenan, na zauna kansa awa uku daren Laraba, hoton ya yi kyau ƙwarai ba ƙarya, amma da na kashe na'ura sai na ji akwai abin da nake nema ban samu ba. Shi ne nake tambayarku, ɗumame ake sayar mana da kuɗin sabon tuwo ko kuwa ni ne ban gane ba?

Faisal (Riyad):
wslm yaya Abu Ammar. dan Allah kada ka hada Fatal Fury da su Days Gone, wlh ba daya bane. rabon da a fitar da sabon Fatal Fury tun Garou Mark of the Wolves 1999, shekara 26 kenan, ni ko haifata ba ayi ba lokacin. wannan daga tushe aka gina shi, akwai tsarin REV wanda in ka cika amfani dashi sai gauge din ya cika yayi zafi ka koma baka iya kare kanka sosai, dole kayi lissafi. tun jiya nake kan Rock Howard ban tashi ba sai sallah da cin abinci

Nura (Dammam):
Bari in raba abin biyu don kada mu cakuɗa. Akwai kwaskwarima, akwai rushewa a sake gini. Days Gone kwaskwarima ce zalla, wasan PS4 ne aka ɗan ƙara masa haske da sabon yanayin faɗa da gungun dodanni, shi ya sa wanda ya sayi na PS4 dala 10 kawai zai ƙara, riyal 37 da rabi. Amma ku lura wanda ya same shi ta cikin PS Plus, wato rajistar biyan kuɗi ta PlayStation, ba ya cikin wannan rangwamen, sai dai ya biya dala 50 cif. Resident Evil 4 na 2023 da Silent Hill 2 na bara su ne sake gini. Oblivion kuma tsakiya ya faɗa, kamfanin Virtuos suka ɗora masa hoto da injin Unreal 5 amma tsohon injin na nan a ƙasa shi ke tafiyar da wasan, kamar ka ɗauki tsohon gida ka sake masa fenti da tayil da tagogi amma ginshiƙan na da ne. Shi ya sa har yanzu mutanen garin suke tsayawa suna waccan hirar tasu da ba kai ba gindi, yadda suke yi tun 2006.

Abu Ammar (Jidda):
Nura wannan bayanin ya yi. Kuma girmansa ya haura giga 100, sai da na bar na'ura a kunne tun magariba har bayan sha biyun dare. Na 2006 faifai ɗaya ne ka saka ka fara.

Ɗan Mai Wurno (Kassala):
Salam ƴan uwa. Ni ina karanta ku ne kawai ina jin daɗi, don maganar giga 100 a nan inda muke ba ta ma taso ba. Shekara biyu kenan cif da fara yaƙin nan na Sudan, 15 ga Afrilu 2023, muka bar Omdurman da abin da hannu zai iya ɗauka, PS4 ɗina yana can ban san halin da yake ciki ba. Wuta tana zuwa tana tafiya, intanet ɗin waya da ƙyar yake buɗe hoto. Kun san abin da yaran unguwar nan suke bugawa? PS2 ne, wani maƙwabcinmu ya fito da shi daga akwati, da hannu biyu ɗaya an ɗaure wayarsa da salatif, da ƙaramar talabijin da batirin sola ke iya ɗauka. PES 6 da Tekken 5. Bayan la'asar yara sun fi goma a tsakar gida, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Babu saukewa babu sabuntawa babu akawun, ka saka faifai ya yi wannan ƙarar tasa ya tashi. Don haka ni in an ce tsoffin wasanni ban ɗauke su abin marmari ba, su ne kaɗai suke aiki a nan.

Abu Ammar (Jidda):
Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ɗan uwa, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya. Wallahi ka taɓo abin da na kasa faɗa. Abin da na nema a Oblivion ban samu ba shi ne ɗakin. A 2006 ɗakin yayana ne a Sabil, shi ke da Xbox 360 a duk layinmu, mu shida ko bakwai a kan tabarma ɗaya da fanka tana kaɗa zafi, wasan na mutum ɗaya ne amma kowa da bakinsa a ciki, wannan ya ce shiga kogon can, wancan ya ce a'a sayi doki tukuna, mai ɗan Turanci a cikinmu yana fassara mana abin da sarki ya faɗa kafin a kashe shi. Lokacin da aka fito daga magudanar ruwan nan ta farko aka ga tafki da duwatsu, duk ɗakin sai da ya yi tsit. Daren Laraba na fito daga wannan magudanar, hoton ya ninka na da kyau ba adadi, na waiga babu kowa, yara sun yi bacci, yayan nawa yana Kano. Wannan ba kamfanin da zai iya yi masa kwaskwarima.

Ɗan Mai Wurno (Kassala):
Amin ya Allah, na gode yaya.

Kawu Isa (Makka):
Assalamu alaikum ƴaƴana. Na ga kuna kiran 2006 da tsohon zamani, to bari ku ji na gabanku. Mu da aka haifa a Makka muka taso a wajajen Shari'a Mansur, na'urarmu ta farko Sakhr ce. Kamfanin Al-Alamiya na Kuwait ne ya kawo ta, na Muhammad Al-Sharikh, Allah ya jiƙansa bara ya rasu. Asalinta kwamfutar MSX ce ta Japan, su suka sa mata haruffan Larabci, wadda ta fi yawa a gidaje ita ce AX-170. Allon rubutu ne kawai mai rami a sama inda ake cusa kaset, ka jona da talabijin. Mahaifinmu ya saya ne saboda kaset ɗin Alƙur'ani da na koyon lissafi, mu kuma in ya fita Harami sai mu cusa na Konami, su King's Valley da Yie Ar Kung-Fu da Knightmare da na tsuntsun ƙanƙaran nan Penguin Adventure. Abin da da yawanku ba su sani ba, Metal Gear da kuke ji da shi a kan MSX2 ya fara fitowa 1987, tun kafin a san wani abu PlayStation a harkar wasa. Bayan Sakhr sai Family ta shigo, wato na'urar wasa irin ta Nintendo, mai kaset da aka rubuta wasa dubu kaza a jiki alhali in ka ƙirga ba su fi ashirin ba ana maimaitawa, da wasan ƙwallon Kyaftin Majid da aka fassara da Larabci wanda sai ka rubuta doguwar kalmar sirri a bayan littafin makaranta don gobe ka ci gaba daga inda ka tsaya, harafi ɗaya ka kuskure shikenan aikin sati ya tafi. Ni ra'ayina a kan tambayar Abu Ammar, a ci gaba da dawo da su. Ɗumame ba abin rainawa ba ne, gidan da aka san darajar hatsi shi ke ɗumame. Sakhr ɗina tana nan a kan sif amma ta daina tashi, in ba a dawo da waɗannan wasannin a sababbin na'urori ba ta ina jikokina za su gansu?

Faisal (Riyad):
masha Allah kawu, wlh ban san Metal Gear daga nan ya fara ba. kuma ga Metal Gear Solid Delta na zuwa 28 ga Agusta, sake ginin na 3 ne na 2004

Ɗan Jami'a (Madina):
Maganar Kawu tana da hujja. Akwai binciken da wata cibiyar adana tarihin wasanni ta Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023, suka ce kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 yanzu ba a sayar da su ko'ina a hukumance. Wato cikin goma da ƙyar ɗaya ya tsira. Nintendo sun rufe shagon 3DS da Wii U a Maris 2023, shagon Xbox 360 ma an rufe a Yulin 2024. Amma inda nake da ja shi ne, su kamfanonin nan ba waɗanda suke bakin ɓacewa suke cetowa ba, waɗanda za su kawo kuɗi suke zaɓa. Days Gone shekara shida kacal, yana tashi lafiya lau a PS5 tun da ma, wa ya ce zai ɓace? Oblivion na asali ma yana nan a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet. Su kuwa irin na Kawu ba wanda ya waiwaye su.

Nura (Dammam):
Ba duka ba dai. Capcom suna ƙoƙari a nan, 16 ga Mayu Capcom Fighting Collection 2 zai fito, wasa takwas a ciki har da Capcom vs SNK 2 da Power Stone 1 da 2 da Project Justice, waɗannan tun zamanin Dreamcast yawancinsu ba a sake ganinsu a na'urar gida ba. Irin wannan ni nake kira ceto. Kuma Switch 2 da zai fito 5 ga Yuni zai zo da wasannin GameCube, F-Zero GX da Wind Waker da Soulcalibur 2, sai dai ta hanyar biyan kuɗin shekara ne, ranar da ka daina biya sun tafi.

Abu Ammar (Jidda):
Kun ga wannan "ranar da ka daina biya sun tafi" shi ne ya fi damuna a duk harkar. Faifan Crash Team Racing da na saya a kasuwar gwanjo ta Sawarikh yana nan cikin durowa, na 1999 ne, duk ya sha karce amma yana tashi. In na ga dama in ba ɗana, in na ga dama in ba maƙwabci aro, in na ga dama in sayar. Oblivion da na biya riyal 188 shekaranjiya ba zan iya ba kowa aro ba. Ku tuna wasan tseren mota The Crew, ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabar ɗinsa, duk wanda ya saya ko da faifai ne a hannunsa ya zama marfin kofi. Yanzu kuma Nintendo sun zo da wani abu wai katin makulli a Switch 2, ka sayi kwali da kati a ciki amma wasan ba ya kan katin sai ka sauke. Ka ce wa ɗan uwanmu na Kassala ya sauke da me?

Ɗan Mai Wurno (Kassala):
Ko kafin yaƙi ma mu ba mu da shagon PlayStation na Sudan, akawun ɗin Saudiyya ko na Amurka muke buɗewa sai wani ɗan uwa a Jidda ya sayi kati ya turo lambar. Na ji ƴan Najeriya ma haka suke yi. Shi ya sa faifai yake da daraja a wajenmu, faifai ɗaya sai ya zaga unguwa guda.

Ummu Hanan (Makka):
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da maganar iyaye. Ɗana mai shekara 11 tun ranar Laraba yake bina wai Ronaldo yana cikin wani wasan faɗa, in saya masa. Na ɗauka wasan ƙwallo ne sai na ga duka ake yi. Cikin waɗannan huɗun da kuka lissafa wanne ne ya dace da yaro? Don ni abin da na sani Crash ne da Pepsiman da muka buga da ƙannena a PS1, kuma su ba sai ka tsaya kan yaro ba.

Nura (Dammam):
Hajiya gaskiya uku daga ciki ba na yara ba ne. Oblivion da Days Gone da Expedition 33 duk hukumar Amurka ta sa musu shekara 17 zuwa sama, akwai jini da abubuwan tsoro. Fatal Fury 13 zuwa sama suka sa, amma ki duba shigar wasu matan ciki da kanki kafin ki yanke. Kwalayen da ake sayarwa a nan ma suna da lambar shekaru ta hukumar Saudiyya a jiki, ki riƙa dubawa. In Crash kike so an dawo da shi, N. Sane Trilogy na 2017 ukun farko ne a faifai ɗaya, sai na tseren mota Nitro-Fueled na 2019 wanda mutum huɗu za su iya bugawa a talabijin ɗaya. Pepsiman dai ba a dawo da shi ba, ko a da ma a Japan kaɗai aka sake shi a hukumance.

Ummu Hanan (Makka):
Allah ya saka da alheri Malam Nura. To kun ga amfanin ɗumamen naku kenan a wajena. Na tseren motar zan saya in zauna da su mu huɗu, don abin da ke damuna da wasannin yanzu kowane yaro ya shige ɗaki da abin kunne yana ihu da mutanen da ban sani ba. Ga maganar sallah, a kira sallah ka ce ya tashi ya ce Umma ba a tsayar da shi onlayin ne in na fita za a hukunta ni. Mu a da ana tada iƙama sai ka danna start hoto ya tsaya cak, ka je ka dawo Crash yana nan tsaye yana jiranka.

Ɗan Jami'a (Madina):
Wannan gaskiya ne Hajiya, a masaukin ɗalibai ma abin da muke fama da shi kenan da masu PUBG.

Faisal (Riyad):
maganar Ronaldo kuma tunda hajiya ta tabo. nasan mutane da yawa a intanet suna ta fada wai bai dace da wasan ba, shi da wani DJ Salvatore Ganacci. amma ku gane SNK yanzu kusan tamu ce ta nan, wani kamfani karkashin gidauniyar Misk ne ya mallaki kashi 96 nata, Ronaldo kuma yana Al Nassr tun farkon 2023, to meye abin mamaki. gobe asabar ma damben Eubank da Benn a Landan sunan wasan aka lika masa. ni dai nasan in ba kudin nan ba wata kila har yau babu sabon Fatal Fury. kuma yana cikin wasannin Esports World Cup na bana a Riyad, bara kyautar gasar gaba daya ta haura dala miliyan 60 kuma Falcons suka dauki kofin kungiyoyi, naje Boulevard na kalli Tekken da idona, dan Allah wa ya taba zaton za'a yi haka a nan

Kawu Isa (Makka):
Faisal ɗana, ban ƙi kuɗin ba kuma ina murna da abin ya zo ƙasar nan. Amma ni na san Terry Bogard, jarumin Fatal Fury, tun yana kan akwatin Neo Geo a shagon wasa, ana jefa kwabo, da King of Fighters 98 da Metal Slug. Mutanen da suka jira shekara 26 suna jiran su ga ƙarshen labarin Rock ɗan Geese, gurbi biyu da aka ba ɗan ƙwallo da makaɗi ai da an ba tsofaffin ƴan wasan da aka bari a waje. Tallar za ta jawo yaro kamar ɗan Ummu Hanan na sati ɗaya, amma waɗanda za su riƙe wasan shekara biyar su ne masu son faɗan kansa.

Faisal (Riyad):
na yarda da rabin maganar kawu. amma ka gwada shi tukuna, faɗan kansa yana da kyau sosai, kuma Ken da Chun-Li na Street Fighter suna zuwa daga baya kamar yadda Terry da Mai suka je can

Nura (Dammam):
Jama'a mun yi ta zagaye mun bar sabon tuwon a rufe. Jiya na kwana kan Expedition 33 ta Game Pass, wato rajistar biyan kuɗi ta Xbox, kuma ina roƙon duk babban da ke nan ya gwada. Wani ƙaramin kamfani ne a Montpellier ta Faransa, Sandfall, wannan ne wasansu na farko, ainihin ma'aikatan nasu wajen mutum 30 ne. Labarin wata mai zane ce da duk shekara take rubuta lamba a jikin wani dogon dutse, duk wanda shekarunsa suka kai wannan lambar sai ya watse ya zama furanni, lambar tana raguwa duk shekara, yanzu an zo 33. Farkon wasan kaɗai, inda mutanen gari suke raka waɗanda za su tafi zuwa bakin ruwa da furanni a wuya, na ajiye hannu na yi shiru, don shekarata 34. Faɗan kuma irin na bi da bi ne, ka yi naka abokin gaba ya yi nasa, kamar Final Fantasy 10, amma in ya kawo duka dole ka kauce ko ka tare a daidai lokacin, ba zama za ka yi kana kallo ba. Abin lura shi ne su da bakinsu sun ce tsoffin wasannin Japan suka taso da su. Wato ba su ɗumama tsohon tuwo ba, sun koyi tuƙi a wajen tsofaffi suka tuƙa nasu. Kuma dala 50 ne, lokacin da Mario Kart World ake maganar dala 80, riyal 300 wasa ɗaya.

Ɗan Jami'a (Madina):
Wannan shi ne abin da nake so in gani. Tsoron da nake ji shi ne in ɗumame yana kawo kuɗi cikin sauƙi manyan kamfanoni ba za su ƙara sa hannu a wuta ba. Bethesda sun ce mutum miliyan 4 suka shiga Oblivion cikin kwana uku, alhali Elder Scrolls 6, sabon da ake jira a jerin su Oblivion, tun 2018 aka nuna sunansa har yau shiru, Skyrim kuwa na 2011 an sake sayar da shi a kusan kowace na'ura.

Abu Ammar (Jidda):
Yau Lahadi na dawo na ga an yi nisa. Na ga sanarwa Expedition 33 ya sayar da miliyan ɗaya cikin kwana uku, duk da Oblivion ya faɗo masa a ka kwana biyu kafin fitowarsa kuma duk da yana Game Pass, don haka Ɗan Jami'a kada tsoron ya yi yawa, mutane suna son sabo in ya yi kyau. Amma bari in gaya muku abin da ya faru jiya. Bayan na karanta saƙon ɗan uwanmu na Kassala da na Hajiya, na shiga sito na fito da PS2 ɗina siriri, na goge ƙura, na nemo wayar nan mai kai uku ja da fari da rawaya, sai na tarar talabijin ɗin falo ba ta ma da ramin. Na je wani shago aka sayar min da abin juyawa zuwa HDMI, na kawo gida hoto yana rawa babu sauti, na koma mai shagon ya ce ba a mayarwa, sai a wani shagon na samu mai kyau. Na saka Crash Team Racing tunda PS2 yana cin faifan PS1, na ba Ammar hannu ɗaya na riƙe ɗaya. Da farko cewa ya yi Abba me ya sa fuskarsu take da kusurwa haka. Zagaye biyu kawai ya manta da hoton, ya jefe ni da roka a bakin layi ya tashi yana tsalle, ƙanwarsa tana jan rigata a ba ta, har mamansu ta fito daga kicin ta karɓi hannu, ashe ta fi mu duka iyawa ban taɓa sani ba shekara goma sha biyu da aure. Sai da aka kira isha muka tashi. Oblivion ban sake buɗe shi ba tun Laraba.

Ummu Hanan (Makka):
Masha Allah, Allah ya ƙara haɗa kanku.

Kawu Isa (Makka):
To tunda haka ne kada abin ya tsaya a rubutu. Hajji na matsowa, da an yi nisa cikin Zulƙida mu na Makka aiki zai rufe mu ba za ku ƙara ganinmu ba sai bayan Arfa. Me zai hana ranar Alhamis mai zuwa bayan isha a haɗu a Jidda, a kama istiraha, wato wurin shaƙatawa na haya, kowa ya kawo abin da yake da shi. Ni zan zo da Sakhr ɗin ko Nura zai iya duba ta.

Nura (Dammam):
Dammam da nisa Kawu amma ina da hutu, zan duba tikiti. Kada ka jona ta da wuta kafin in zo, yawanci ƴan ƙananan kafasitocin cikin allon ne suke kumbura su zubar da ruwa, ana canza su, zan taho da abin walda da awon wuta. Ka ɗauko min hoton bayanta inda aka rubuta ƙarfin wuta, 110 ne ko 220.

Faisal (Riyad):
ni zan kawo PS5 da Fatal Fury da hannu biyu, kawu sai ka rike Terry mu gani

Ɗan Mai Wurno (Kassala):
Ku ɗauko mana bidiyo gajere wanda zai iya buɗewa a nan. Kuma in akwai mai hannun PS2 da ba ya amfani da shi ko memori kad, akwai ɗan uwanmu da zai taso daga Jidda zuwa Bur Sudan ta jirgin ruwa farkon wata, wanda aka ɗaure da salatif ɗin maɓallin X ya fara maƙalewa.

Abu Ammar (Jidda):
Ina da hannu uku, biyu naka ne, da memori mai mega 8 da faifan Crash ɗin tsere guda na biyu da na samu a sito. Turo min lambar ɗan uwan ta akwatin sirri in kai masa kafin Laraba. Masu zuwa Alhamis kuma ku rubuta suna a ƙasa in san girman wurin da zan kama, kuma wa ke da multitap, abin jona hannu huɗu, don mutum huɗu muke so a tseren.